Wasan da haushi ya haifa: me ake ɗauka, me ake zubarwa?

Tambaya daga wani malamin firamare a Jos, ɗan wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa: "Na rubuta wasa mai kashi uku a kan mai wata makarantar kuɗi da ke riƙe wa malamai albashi. Ba zan ɓoye ba, na yi aiki a ƙarƙashin irin wannan mutum, ya riƙe mana na wata biyar, har yau ba na son jin ko sunansa. Da muka zauna karatun farko, 'yan ƙungiya suka ce mutumin cikin wasan bai yi kama da ɗan Adam ba, suka kuma ce duk wanda ya san unguwarmu zai gane da wa nake. Shin laifi ne marubuci ya yi rubutu da haushi? In ba laifi ba ne, ta ina zan fara gyara?"

Malam, ba laifi ba ne, kuma ba kai ka fara ba. Malam Aminu Kano tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, shekaru kafin a kafa NEPU a 1950, yake rubuta wasannin da ke caccakar abin da ya tsana, ha'incin kasuwa da zaluncin ma'aikatan En'e. Sunan ɗaya daga cikinsu ma ya isa shaida: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. A nan Jos ɗin da kake, a 1946, hukumar mulkin mallaka ta hana Hubert Ogunde nuna wasansa Strike and Hunger, wanda ya gina a kan yajin aikin gama-gari na 1945. Ba da sanyin zuciya aka rubuta irin waɗannan ba. Abin da ya rage maka shi ne ka san aikin da za ka ba haushin da wanda za ka hana shi.

Aikin da haushi ya ƙware a kai shi ne kallo. Wata biyar kana jiran albashi a hannun mutum, ai ka haddace shi kamar karatun allo: yadda yake gyara zaman hularsa kafin ya yi alkawarin da ba zai cika ba, yadda yake kiran malamai "'ya'yana" in iyayen yara na wurin, ya koma "kai, zo nan" da sun ba da baya, yadda wayarsa ke ƙara daidai lokacin da aka ambaci ƙarshen wata. Marubucin da bai taɓa zama a ƙarƙashin irinsa ba sai ya yi watanni yana tambaya kafin ya tara rabin wannan. Ɗauki takarda ka jera su, guda ashirin ko talatin, da sharaɗi ɗaya: abin da ido zai gani ko kunne zai ji kawai. "Mugu ne" ba ya shiga jerin, domin ba abin da ɗan wasa zai yi da shi a kan dandamali. "Yana ƙirga kuɗi a gaban wanda ke bin sa bashi, ya mayar aljihu" yana shiga.

Inda haushi ke ɓarna shi ne rabon magana da yanke hukunci. An ce maƙiyinka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura, kuma a wannan rubutun kai ne maƙiyin. Ga yadda za ka ga ɓarnar da idonka. Buga wasan a takarda, ka samo biro uku. Da ja, ka ja layi a ƙarƙashin duk maganar da mai makarantar ya tona wa kansa asiri da bakinsa, irin "ni ba ruwana da yunwarku, kuɗi kawai na sani". Da shuɗi, duk inda wasu ke zaginsa ba ya nan. Da baƙi, duk inda yake neman wani abu kuma yake ƙulla dabarar samunsa. A wasan da haushi ya yi wa jagora, ja da shuɗi ne ke cika shafi, baƙi sai an laluba. Abin da abokanka ke nufi ke nan. Azzalumi na gaske ba ya kiran kansa azzalumi. Cewa yake "ku ƙara haƙuri, iyaye ba su biya ba", "ai makarantar nan tamu ce duka", "ni ma ban taɓa ko sisi ba". Duk layin da ka ja da ja, goge shi ka sa abin da mutumin zai faɗa don ya fita kunya, ka bar 'yan kallo su kama ƙaryar daga abin da hannunsa ke yi.

Daga nan ka ƙirga karawa. Duk fitowar da shi da babban tauraronka suka yi sa-in-sa, rubuta a gefe wanda ya tashi da rinjaye. In karawa takwas ce kuma malamin ya ƙure shi a duka takwas, wasanka ya ƙare tun a ta biyu, sauran maimaici ne. Akwai kuma tambayar da ɗan kallo zai yi a zuciyarsa: in malamin nan ya fi shi baki haka, me ya hana a biya shi? A zahiri mutumin ne ya yi ta cin ku har wata biyar, saboda haka ba shi rinjaye a fiye da rabin karawar, musamman a kashi na ɗaya da na biyu. Dubi tsawon maganganu ma. Alamar da ba ta ɓuya ita ce tauraron ya zuba layi goma sha biyar, mugun ya ce "to sai me?", tauraron ya ƙara wasu goma sha biyar. Ka mai da mutumin turke, kana ɗaura masa hudubarka. Shafi ɗaya na wasa yana cin kamar minti ɗaya a kan dandamali, don haka maganar da ta wuce rabin shafi ba wanda ya katse ta tana bukatar dalili mai ƙarfi. Mai iko ma ba ya tsayawa a yi masa lacca. Katsewa yake, ko ya ɗauki waya, ko ya aiki mai maganar sayo ruwa.

Gyaran da ya fi wuya, kuma ya fi amfani, shi ne wannan. Rubuta masa shafi guda wanda ba zai shiga wasan ba: shi kaɗai da dare, littafin lissafi a gabansa, yana magana da kansa, kuma a ganinsa shi ne aka zalunta. Yi lissafin da gaske. A ce, misali, ɗalibai 200 ne, kuɗin zango naira 25,000, abin da ya kamata ya shigo miliyan 5 ke nan, amma kashi ɗaya cikin uku na iyaye ba su biya ba. Malamai 12, kowa 30,000 a wata, wato 360,000, bashin wata biyar ya kama 1,800,000. Ga haya, ga sabunta rajista, ga man janareta, ga sabuwar makaranta da aka buɗe a layin baya mai motar ɗaukar yara. Me zai fara biya? Haya, domin mai gida zai iya garƙame ƙofa, malami ba zai iya ba. Me ya sa ya sayi mota alhali ana bin sa? Domin a tunaninsa iyaye ba sa miƙa 'ya'yansu ga wanda ke sauka daga Keke. Wannan ba wanke shi ba ne. Lissafin zai nuna maka ranar da kuɗin albashi ya shigo hannunsa cif, ya dube shi, ya zaɓi zuba kankaren rufin sabon aji. Wannan ranar ita ce zuciyar wasanka, kuma ina kyautata zaton ba ta cikin rubutun farko, domin mai haushi ba ya yarda cewa maƙiyinsa ya taɓa yin shawara da zuciyarsa. Sa ta a kan dandamali, kuɗin a kan tebur, wani malami na jira a bakin ƙofa.

Ibsen, marubucin wasan kwaikwayo na ƙasar Norway, ya bi ta wannan hanya. A 1881 ya fitar da wasan da jaridu suka yi masa ca a kai, har da waɗanda ke kiran kansu masu son ci gaba. Shi da ya saba shekara biyu tsakanin wasa da wasa, a 1882 ya riga ya fito da wani, wanda sunansa ke nufin Maƙiyin Jama'a: likita ya gano ruwan wuraren wankan da garin ke ci da su ya gurɓace, gari ya juya masa baya. Haushin Ibsen a bayyane yake. Amma dubi abin da ya ba abokin gabar likitan, wato wansa magajin gari: gyaran zai ci kuɗi masu yawa, zai ɗauki kamar shekara biyu, in an rufe wuraren baƙi za su koma garuruwan maƙwabta, talakan gari ne zai ji a jikinsa. Hujja ce da mai hankali zai tsaya ya saurara. Likitan kuma, wanda ke ɗauke da ra'ayin marubucin, an ba shi garaje da girman kai, har ya tsaya gaban taro yana zagin jama'ar da yake son ceta. Shi ya sa har yau ake nuna wasan a ƙasashen da ba su san rigimar da ta haife shi ba.

Layukan shuɗi ba duka za ka goge ba. A yi maganar mutum ba ya nan dabara ce mai kyau, in dai masu maganar sun saɓa. Moliya na Faransa, a wasansa Tartuf na 1664 a kan munafukin da ke fakewa da ibada, bai fito da mutumin ba sai a kashi na uku cikin biyar. Kashi biyu cur gida na rigima a kansa, maigida da mahaifiyarsa na rantsuwa cewa waliyyi ne, sauran na cewa macuci ne. Kai ma ba mai makarantar masu kare shi, aƙalla biyu, kuma kar su zama wawaye. Ga hedimasta da ake biya a ɓoye. Ga bazawarar da ya bar marayunta suna karatu kyauta, wadda in ta ce mutumin kirki ne gaskiyarta ta faɗa. Ga tsohuwar malama da ta ga makarantu uku sun rufe, take cewa in aka matsa masa kowa zai rasa. Da zarar waɗannan sun shigo, jigon zai faɗaɗa daga "wane mugu ne" zuwa tambayar da ta fi shi girma: me ke sa mutum goma sha biyu su yi ta zuwa aiki wata biyar ba a biya su?

Wannan tambayar za ta kai ka ga babban tauraron, wanda kusan kullum shi ne marubucin sanye da fararen kaya. Laifi tudu ne. Ba shi aibi, kuma aibin ya shafi rikicin, kar ya zama na ado irin saurin fushi. Ya yi shiru ranar da aka kori abokin aikinsa. Ko yana karɓar kuɗin lesin a hannun iyaye a bayan idon makaranta. Ko, wanda ya fi zafi, an kira shi gefe an ba shi na wata ɗaya, ya karɓa bai gaya wa kowa ba, ga shi kuma shi ne kan gaba wajen kiran yajin aiki.

Aristofanis, marubucin wasa na birnin Atina a tsohuwar Girka, ya fi haka ƙarfin hali. Ɗan siyasa Kiliyon ya kai ƙararsa gaban majalisar birni a kan wani wasa na shekarar 426 kafin haihuwar Annabi Isa, shi kuma ya rama a 424 da wasan Mahaya Dawaki. Bai haɗa Kiliyon da mutumin kirki ba. Ya mai da shi bawa mai daɗin baki, ya haɗa shi da wani mai tallar nama da ya fi shi rashin kunya, ubangidansu kuma wani tsoho mai saurin ruɗuwa da aka sa wa suna Jama'a. Wato 'yan kallo ma sun sha nasu kason. Wasan ya zo na ɗaya a gasar, bayan 'yan makonni mutanen Atina suka zaɓi Kiliyon kwamandan yaƙi. Ka riƙe wannan: dandamali ba ya karɓo bashi. In kuɗinka kake so, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa tana da reshe a Jos, kuma takardar ɗaukar aiki da shaidar albashin baya sun fi wasa mai kashi uku amfani a can.

Sai magana ta biyu, ta gane mutum. Makaɗan fada sun daɗe da raba zambo da habaici. Zambo yana siffanta mutum, tsawonsa, haƙoransa, tafiyarsa, har kowa ya nuna shi da yatsa. Habaici yana jefa hali a tsakar taro, mai kaza a aljihu ya ji "as". Tashe ma haka yake: yara na kwaikwayon tsoho mai gemu ko mai tallar magani, ba su ce wane ba, kowace unguwa tana ganin nata. Abin da ka rubuta zambo ne, wasan da zai yi nisa kuwa habaici yake bukata, domin zambo a Unguwar Rogo ba ya nufin komai ga ɗan Bukuru, balle ɗan Abuja. Akwai wata asarar kuma. A 1964 Ata Mila na Amurka ya fitar da After the Fall, ƙasa da shekara biyu bayan mutuwar tsohuwar matarsa, shahararriyar 'yar fim Marilin Monro. Da 'yan kallo suka ga matar da ke cikin wasan, sai suka bar kallon wasa suka koma kallon sirrin aure, masu sharhi kuma suka zarge shi da wanke kansa a kan wadda ba ta da bakin amsawa. In aka gane mutuminka, zauren zai cika da raɗa da waiwaye, ba wanda zai ji kashi na uku.

Canja sunan makaranta bai isa ba. Abubuwan da ke fallasa mutum su ne launin yunifom, unguwa, siffar jiki, irin mota, yawan mata da 'ya'ya, da kalmar da ba ta barin bakinsa. Canja duka shida, ka bar halin. Sannan ka zauna da malamai uku daga wasu makarantu ka ji nasu labarin, ka gauraya, yadda kason mutuminka ba zai wuce ɗaya cikin uku ba. Gwajin mai sauƙi ne: ba mutum biyu da suka san shi su karanta ba tare da ka ce komai ba, ka tambaye su wa ya faɗo musu a rai. In duka biyun suka ambace shi, da sauran aiki. Ka kuma ja kunnen darakta, domin ɗan wasan da ya san mutumin zai dawo da tafiyarsa da muryarsa a ranar nuni don neman tafi, duk wahalarka ta tashi a banza. In mai jiki ne, ba siriri rawar.

Ta fuskar shari'a ma canjin suna ba kariya ba ne. Abin da kotu ke dubawa shi ne ko mutanen da suka san shi za su fahimci da shi ake. Ɓata suna laifi ne a kundin Penal Code na Arewa. A wanda ake aiki da shi a Abuja sashe na 391 ne ya bayyana shi, na 392 ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2, ko tara, ko duka, ban da ƙarar neman diyya. Haɗarin ba a abin da ya yi yake ba, wannan kana da abokan aikinka a matsayin shaidu. Yana wurin gishirin da ka ƙara don wasa ya yi armashi, cewa yana neman ɗalibai mata ko yana cinye kuɗin jarrabawa. In ana iya gane shi, ka jingina wa mutum na gaske abin da ba za ka iya tabbatarwa ba. Ka tuna kuma da wayoyin da ke zauren: daƙiƙa arba'in da aka yanko aka ɗora a Facebook ko TikTok ba ta tafiya da sauran wasan.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, kuma a Jos ya fi duk waɗannan nauyi. Haushin mutum ɗaya yana da halin tsallakawa zuwa kan danginsa ba tare da marubuci ya lura ba. Kana kwaikwayon yadda yake magana don ka saba jin sa haka, sai ga shi shi kaɗai ne a wasan ke karya Hausa, ko shi kaɗai ke riƙe da carbi, ko shi kaɗai ke ambaton coci. Kai mutum ɗaya kake gani, ɗan kallo ƙabila yake gani ko addini. Zauren da za ka nuna wasan Hausa a Jos yana iya haɗa Bahaushe da Birom da Afizere da Anaguta da Angas da Ibo da Bayarabe, duk suna jin harshen, kuma gari ne da ya ga Satumban 2001 da Nuwamban 2008 da Janairun 2010. Kunnuwan mutane a buɗe suke ga irin wannan. Zana jadawali: sunan kowane tauraro, abin da sunan ke nunawa na ƙabila da addini, irin Hausarsa, da ɓangaren da yake a rikicin. In layin mugaye ya zo daidai da layin wata ƙabila, ka gyara. Hanya mafi sauƙi ita ce mai makarantar da babban wanda ya cuta su fito daga gida ɗaya, har ma su haɗu a wurin ibada ɗaya, sauran malaman kuma a gauraye, kamar yadda ɗakin malamai yake a zahiri. In yana fakewa da addini, yana kiran addu'a duk ranar da aka tambayi albashi, to dole a sami wani a wasan da ya kai shi ibada kuma yake biyan haƙƙi. Moliya ya sa irin wannan muryar, surukin maigidan da ke bambance mai ibada na gaskiya da na riya, amma duk da haka sai da aka hana nuna wasan a fili har 1669. Wanda bai sa ba fa?

Irin wannan tsallaken ya daɗe a rubutunmu ta wata fuskar. A Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, mai rufin asiri ya auri karuwa, gida da dukiya suka watse. Tun daga lokacin karuwa da kishiya da 'yar boko suka zama wurin da marubuta ke sauke duk abin da suka ƙi game da zamani. Duba matan wasanka. In matar mai makarantar ba ta da aiki sai sayen leshi da kuɗin malamai, to haushin ya nemi mai sauƙin duka ya huce a kanta.

Bayan gyara, ajiye rubutun mako uku ko huɗu ba ka buɗe ba. Sannan ku sake zama, amma a wannan karon kai za ka karanta mai makarantar da bakinka, da niyyar ka ci kowace gardama. Duk inda harshenka ya ji kunyar layi, layin na ƙarya ne. A zama na uku ka ba ɗan wasanku mafi ƙwarewa rawar, wanda jama'a ke so tun kafin ya buɗe baki, kai kuma ka koma baya da takarda, ba ka cewa uffan. Ka gayyato mutum biyu ko uku da ba su san labarin ba. A garin da ke da sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Jos da Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa ba za a rasa ɗalibin da zai zo ba. Saurari dariya. Akwai wadda ake yi ana cewa "wallahi haka suke", ita kake nema. Akwai wadda ake yi ana satar kallonka, wannan tana nufin an hango ka a bayan labule. Da an gama, kar ka tambaye su ko ya yi kyau. Tambaye su me mai makarantar yake so, a wace fitowa suka kusa yarda da shi, da abin da malamin ya yi da bai kyauta ba. In ba su da amsar ta biyu, koma kan shafin lissafin nan.

Ƙarshen wasa shi ne mafakar haushi ta ƙarshe. Zai so a kama mutumin, ko makarantar ta ƙone, ko ciwo ya kayar da shi, ko ya durƙusa yana kuka yana neman gafara. Duk waɗannan daga waje suke faɗowa, ba abin da ya gabata ne ya haife su ba, kuma malaman da ke zauren sun san ba haka ake ƙarewa ba. Wole Soyinka ya tsani malaman addinin bogi, amma a wasansa na 1960 a kan Jero, annabin ƙarya na bakin teku a Legas, ya bar macucin ya tashi da nasara, yana ma raɗa wa 'yan kallo dabarunsa. In kana son sakamako, fito da shi daga aikin mutumin: malamar lissafi, wadda saboda ita iyaye ke kawo yara, ta ajiye aiki saura mako biyu jarrabawa. Ko ka gwada wannan a gwajin wasa ka ga yadda zauren zai yi. Mai makarantar ya kira taro, ya yi doguwar addu'a, ya sanar cewa zai biya wata biyu cikin biyar. Malamai suka yi layi, kowa ya sa hannu a rajista, ya karɓi ambulan, ya ce "Allah ya ƙara arziki, Yallaɓai". Tauraronka ne na ƙarshe a layin. Ka rubuta fitowar sau biyu, ɗaya ya faɗi kalmar, ɗaya ya karɓa bai faɗa ba, ka ba ɗan wasan daƙiƙa biyar na shiru kafin a kashe fitila a kowacce.